Janareta Mara Mai: Bitar Na'urar da Ake Cewa Tana Ciyar da Kanta da Wuta

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ya haura naira 1000 a shekarar 2024, duk wanda sana'arsa ta rataya a kan wutar lantarki ya shiga neman mafita ido rufe. Mai shagon aski da mai cajin waya da mai sayar da ƙanƙara da tela mai keken lantarki duk sun wayi gari ribarsu tana ƙarewa a gidan mai, sannan a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A cikin wannan hali ne tallar wata na'ura ta cika Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, na'urar da masu ita ke kira janareta mara mai, wadda suke cewa ba ta shan fetur ko dizal, ba ta buƙatar rana ko iska, kuma da zarar an tashe ta za ta ci gaba da ba da wuta tana cajin kanta da kanta. Na duba irin wannan na'ura a wurin wani mai haɗa ta, na kuma ga yadda ta ƙare a hannun wani mai shagon aski da ya saya, kuma hukuncina shi ne ba ta cancanci kuɗin da ake biya a kanta ba, domin abin da ake sayar da ita a kansa abu ne da ba ta yi, ba kuma za ta taɓa yi ba.

Wadda na gani akwati ce ta ƙarfe mai tayoyi huɗu a ƙasa, an yi mata fenti mai kyau, an saka mata soket-soket da ƙaramar mita mai nuna lambobi a gaba. Idan aka buɗe murfin, za a tarar da babban batir mai bolt 12, da moto na lantarki, da altaneta irin na mota, da fambel da ya haɗa su biyun, da wani faifan ƙarfe mai nauyi a kan sandar juyi, sannan da inbata a gefe guda, wadda ke mayar da wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Adalci ya wajabta a faɗi cewa aikin waldar yana da tsafta, inbatar tana aiki yadda ya kamata, kuma na'urar ba ta fitar da hayaƙi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da hayaƙin janareta ya sha hallaka iyalai suna barci a ɗaki rufe. Ƙararta ma ba ta kai ta ƙaramin janaretan fetur ba. Iyakar yabon da zan iya yi mata ke nan.

Bayanin mai haɗa ta yana da daɗin sauraro, kuma shi ya sa yake kama mutane. Batir yana tashin moto, moto yana juya altaneta, altaneta yana samar da wuta, sai a raba wutar gida biyu, kashi ɗaya ya koma ya cika batirin, ɗayan kuma ya bi ta inbata ya kunna kayan gida. Hujjar da ya fi dogaro da ita ita ce ta mota, wato kowa ya san altaneta ne yake cajin batirin mota tana tafiya, shi ya sa direba zai yi shekara bai ciro batirinsa ya kai caji ba. Abin da aka tsallake a wannan hujja shi ne cewa injin da ke ƙona fetur ne yake juya altanetan mota, saboda haka wutar da ke shiga batirin asalinta daga tankin mai ta fito. A cikin akwatin nan kuwa an cire injin da tankinsa, an maye gurbinsu da moto wanda ba shi da abin ci sai batirin da ake son cikawa.

Gwajin da ake yi wa mai saye yakan gamsar da shi saboda gajere ne. Ana kunna ƙwayayen fitila uku da fanka, wani lokaci a ƙara da talabijin, a bar su suna aiki rabin awa ko awa guda ana hira, mai saye yana kallon fambel yana juyawa. Lissafin abin da ke faruwa ba shi da wuya. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2400 idan ya cika, wato wutar da a takarda za ta riƙe kaya masu wat 100 har awa 24. Ƙwayayen fitila uku masu wat 10 kowannensu tare da fanka mai wat 70 sun kama wat 100, wanda ke nufin cikin rabin awa sun ci wat-awa 50 kacal, wato wajen kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin batirin. Ko da moto ya ci ninkin wannan sau uku yana juya fambel a banza, lambar da ke kan mita ba za ta sauka sosai har mai kallo ya lura ba. Abin da mai saye ya gani da idonsa gaskiya ne, fitilu sun kama, fanka ta juya, amma cikakken batir da inbata za su yi wannan aikin ko babu moto, ko babu altaneta, kuma za su fi daɗewa suna yi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce zuciyar bitar. Dokar farko da ilimin kimiyyar makamashi ya tsaya a kanta, wadda gwaje-gwajen James Joule a Ingila cikin shekarun 1840 da rubutun Hermann von Helmholtz a Jamus a 1847 suka kafa, ita ce makamashi ba a samar da shi daga babu, ba ya kuma ɓacewa, sai dai ya sauya kama daga lantarki zuwa juyi, daga juyi zuwa zafi, da makamantan haka. Saboda haka altaneta ba zai iya fitar da fiye da abin da moto ya ba shi ba, moto kuma ba zai ba da fiye da abin da ya karɓa daga batir ba. Doka ta biyu ta ƙara tsananta lamarin, domin ta nuna cewa a kowane sauyi wani kaso yana zubewa a matsayin zafi, kuma zafin da ya bazu cikin iska ba a iya tattaro shi gaba ɗaya a mayar da shi aiki. A ɗauka, don kyautata wa na'urar zato, cewa moto yana mayar da kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa juyi, altaneta yana mayar da kashi 90 na juyin zuwa wuta, batir kuma yana riƙe kashi 90 na abin da aka zuba masa. Daga wat 100 da suka fita, 90 ne za su isa altaneta, 81 su fito daga cikinsa, wajen 73 su zauna a batir, tun ba a kunna ƙwan fitila ko ɗaya ba. Altanetan mota na gaske kuwa bai kusa kai wannan inganci ba. Duk wanda ya ɗora tafin hannunsa a jikin moton bayan ya ɗan jima yana aiki zai ji ɗumi, kuma wannan ɗumin, tare da ƙarar boris da karkarwar akwatin, shi ne makamashin batirin yana fita ba zai dawo ba. Lamarin ya yi kama da mutumin da yake ɗiban ruwa daga randa da gwangwani mai yoyo, ya zagaya tsakar gida ya dawo ya juye sauran a cikin randar, alhali mutanen gida suna sha daga cikinta, sannan ya ce ya gano hanyar da randa ba za ta ƙafe ba.

Masu haɗa na'urar suna da amsa a kan wannan, wato a saka babban altaneta da ƙaramin moto, ko a sauya girman fulin da fambel ke bi domin altanetan ya fi moton saurin juyi, sai wutar da ke fita ta fi wadda ke shiga. A nan ne ake mantawa da abin da duk mai janaretan fetur ya sani da kunnensa. Idan aka jona dutsen guga ko firiza ta tashi, ƙarar injin takan sauya, ya yi nishi, ya ƙara shan mai. Dalilin shi ne da zarar wuta ta fara gudana a cikin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin janareta ko altaneta, koyil ɗin da kansa yana zama maganaɗisu mai turjiya ga juyin da ya haifar da shi. Michael Faraday ne ya gano a 1831 yadda motsin maganaɗisu kusa da waya yake haifar da lantarki, Emil Lenz kuma ya bayyana wannan turjiya a 1834 a Rasha. Altaneta wanda ba a ɗora masa kaya ba ana iya juya shi da hannu, amma gwargwadon wutar da aka ja daga gare shi, gwargwadon taurin da zai yi. Ƙara masa sauri ta hanyar fuli kuwa yana rage ƙarfin murɗawa daidai gwargwado, don haka ba a ci ribar komai ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Faifan ƙarfen nan mai nauyi shi ne abin da ya fi burge masu kallo, saboda idan aka kashe na'urar yakan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, sai a ce ga shaida yana ƙara ƙarfi. Faifai irin wannan ma'aji ne kawai, abin da aka zuba masa shi yake mayarwa, kuma ma'ajin ƙarami ne ƙwarai. Faifai mai nauyin kilo 20 da faɗin santimita 40, yana juyi 1500 a minti, bai riƙe ko wat-awa ɗaya da rabi ba, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na cajin batirin babbar wayar hannu ba. Haka abin yake ga samfurin da ake jera wa maganaɗisu a kewayen faifai, irin wanda ake yawan gani a bidiyo yana kunna ƙwan fitila. Maganaɗisu yana jan ƙarfe idan ya doso shi, amma yana riƙe shi da ƙarfi daidai wannan idan zai wuce, saboda haka a zagaye guda cikakke abin da ya bayar ya karɓe. Na ji an kawo hujjar cewa ai duniya tana juyawa ba tare da mai ba. Tana juyawa ne a sararin da kusan babu abin da ke gugar ta, kuma ɗan abin da ke gugar ta, wato kai-komon ruwan teku saboda jan wata, yana rage mata sauri har tsawon yini yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 1000 na daƙiƙa a kowane ƙarni.

Sharuɗɗan da ake gindaya wa mai saye sun fi kowane lissafi tona asirin na'urar. An rubuta mata wat 3000 a jiki, amma ana gargaɗin kada a jona dutsen guga ko hita ko injin niƙa, kada a bar ta tana aiki dare da rana ba hutu, kuma idan an kawo wutar gwamnati a riƙa jona ta lokaci-lokaci domin lafiyar batir. Na'urar da ke cajin kanta ba ta da buƙatar wutar kowa. Idan da gaske aka ja wat 3000 daga batir mai wat-awa 2400, ko a takarda minti 48 zai yi ya ƙare, a zahiri kuma ba zai kai haka ba, sannan wutar da za ta bi ta wayoyin ɓangaren bolt 12 za ta kai amfiya 250, wadda siraran wayoyin da na gani a ciki ba za su ɗauka ba tare da sun narke ba. Mai shagon askin da ya saya ya more ta a kwanakin farko, daga nan lokacin da take ɗauka kafin inbata ta fara kuka ya riƙa raguwa, da ya koma da ƙorafi kuma aka ce masa batirin ne ya samu matsala, ya sayi sabo. Batirin ya samu matsala da gaske, amma na'urar ce ta jawo masa, domin batirin dalma, irin wanda ke cikinta, yana saurin mutuwa idan ana zuƙe shi har ƙasa a kai a kai, shi ya sa masu haɗa sola suke ba da shawarar kada a ci fiye da rabinsa kafin a sake cika shi. Babu takardar garanti da ta ambaci adadin awoyin da na'urar za ta yi a kan kaya masu nauyi kaza, kuma rashin wannan alkawari a rubuce ba mantuwa ba ce.

Wannan mafarki ya girmi wutar lantarki da ɗaruruwan shekaru. Masanin lissafi na Indiya Bhaskara na Biyu ya siffanta, wajen shekarar 1150, wata taya mai kama da ƙafar keke, mai bututu ɗauke da zaiba, wadda ya yi zaton gefe ɗaya zai riƙa fin ɗayan nauyi har abada. A 1618 Robert Fludd na Ingila ya zana injin niƙa wanda ruwa ke juya shi, shi kuma yana mayar da ruwan sama domin ya sake zubowa, kuma idan aka sa batir a gurbin tafkin ruwan, aka sa waya a gurbin magudana, an sami janaretan da ake talla a yau ba ragi ba ƙari. Zuwa 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta gaji da duba irin waɗannan zane-zane har ta yanke shawarar daina karɓarsu. Labarin da ya fi dacewa da mai niyyar saye shi ne na Charles Redheffer, wanda ya baje kolin injinsa a Filadelfiya ta Amurka a 1812 yana karɓar kuɗin kallo, sannan ya koma da shi New York a 1813. Injiniya Robert Fulton ya je kallo, ya lura cewa juyin injin ba ya tafiya daidai, yana sauri yana sassautawa kamar abin da hannun mutum ke murɗawa, sai ya ɓamɓare wasu katakai da suka haɗa injin da bango, aka ga siririyar igiya ta ratsa bangon, da aka bi ta kuma aka tarar da wani dattijo a wani ɗaki na sama yana murɗa hannun injin. John Keely, shi ma a Filadelfiya, ya karɓi kuɗin masu zuba jari tun daga shekarun 1870 har mutuwarsa a 1898, bayan nan ne aka gano babbar tukunyar ƙarfe a ƙarƙashin ɗakin gwajinsa da siraran bututu a ɓoye, irin waɗanda ake tura matsattsiyar iska ta cikinsu. A zamaninmu kamfanin Steorn na birnin Dublin ya yi shela a 2006 cewa ya ƙera na'urar maganaɗisu mai ba da fiye da abin da take ci, ya soke gwajin bainar jama'a da ya shirya a Landan a 2007, sannan a 2009 kwamitin masana da kamfanin da kansa ya gayyata ya ce bai ga shaidar samar da makamashi ba. A janaretan da nake bita babu dattijo a ɗakin sama, batirin da aka cika da wutar gwamnati kafin zuwan mai saye shi ne yake murɗa hannun.

Ba na ɗaukar duk mai haɗa wannan na'ura a matsayin ɗan damfara. Da yawansu matasa ne masu basirar hannu, waɗanda suka koyi naɗin koyil da walda a bakin aiki, suka kalli bidiyo suka gaskata, kuma idan batir ya mutu suna ganin saura ƙiris su gano gyaran da zai sa abin ya ɗore. Amma kyakkyawar niyyar mai sayarwa ba ta mayar wa mai saye kuɗinsa, kuma wanda ya ga na'urarsa ta gaza a hannun mutum na farko, ya ci gaba da sayar wa na biyu da alkawari iri ɗaya, ya fita daga sahun masu gwaji.

Ya kamata a bambanta wannan da wasu kayayyaki da su ma ake tallarsu da sunan janareta mara mai, alhali akwati ne mai batir da inbata wanda ake cikawa da farantin sola ko wutar gida. Waɗannan ba su yi da'awar ƙarya ba matuƙar sun faɗi inda wutarsu take fitowa. Hasken rana da tsakar rana yana sauke wajen wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, farantin sola na zamani yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan zuwa lantarki, kuma arewacin Najeriya da Nijar suna cikin yankunan da suka fi samun rana. Janaretan fetur ma asalinsa a bayyane yake, lita guda tana ɗauke da wajen kilowat-awa 9 na zafi, ko da yake ƙaramin inji ba ya mayar da ko rubu'insa zuwa wuta. Tambayar da za a yi wa kowace na'ura ita ce ta wace ƙofa makamashi yake shiga cikinta, kuma idan amsar ita ce daga cikinta yake fitowa, ciniki ya ƙare a nan.

Wanda har yanzu yake son ya gwada da kansa kafin ya biya, sai ya je da mai gyaran wuta da ya amince da shi da kuma mitarsa ta kansa, ya tabbatar babu wata waya da ta fita daga akwatin zuwa bango ko ƙasa, a auna batirin kafin a fara, a ɗora kaya masu nauyin rabin abin da aka rubuta a jikin na'urar, a bar ta tana aiki daga safe zuwa yamma a gabansa, sannan a kashe a sake aunawa. Gwajin da ya fi wannan sauri shi ne a cire wayar batir ɗaya bayan na'urar ta tashi, a ga ko za ta ci gaba da aiki, tunda an ce altaneta yana samar da abin da ya ishi moto har da rara. Wanda kuma ya riga ya saya bai yi asarar komai da komai ba. Ya sa a kwance moton da altanetan da faifan ƙarfen ya sayar da su ga masu gyaran mota ko 'yan gwangwan, ya bar batirin da inbatar a cikin akwatin, ya ƙara kuɗi ya sayi farantin sola da na'urar daidaita caji wadda ta dace da girman batirin, kuma ya ajiye akwatin a inda iska ke ratsawa, domin batirin dalma yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta a lokacin caji.